Ranar da Na Wasa Haƙorin Injin Oga

Tunkiyar Inna aka sayar a kasuwar Gaya aka yi mini kuɗin mota. Ku matso, ku masu rawar kan tafiya Legas, ku ji yadda na ƙare.

Kun san gidanmu a nan Toranke gidan sassaƙa ne, to da girman kaina na tafi. Na sami aiki a shagon wani Bayarabe mai yin ƙofofi, muna ce masa Oga. Ɗakin da na kama kuwa, mai gidan har bokitin wankana yake leƙawa, wai Bahaushe ya cika alwala. A bar wannan.

A shagon akwai injin sassaƙa, kwamfuta ke tuƙa shi. Ƙarfen da ke cin katakon suna ce masa bit, ni na sa masa haƙori. Mai kauri yana sauri amma ba ya shiga lungun zane. Siriri yana fitar da jijiyar ganye, sai dai ya wuni kan ƙofa ɗaya. Kuma injin makaho ne, sai an gaya masa faɗin haƙorin da siffar bakinsa, sannan ya san nawa zai kauce wa layi da tazarar da zai bari. Wai sunan wannan kwamfansheshan. Wata uku ina kiransa kwanon shan shayi, suna dariya.

Aka kawo aikin ƙofofin wani otal, masu furanni. Da safe na taɓa haƙorin, na ji bakinsa a mulmule. Raina ya ɓaci. A gidanmu yaron da ya ɗora dakusasshen gizago a kan itace sai ya sha mari. Ban tambayi kowa ba, na kai shi kan injin wasa wuƙa na fiƙe shi tsaf, na mayar. Har ina jiran yabo, wallahi.

Ashe mulmulallen haka aka ƙera shi, kuma da shi kwamfuta ta yi lissafinta. Injin ya ci gaba da tafiyarsa da tsohuwar tazarar, tsinin yana karta. Ƙofa ta fito layi-layi kamar an yi huɗa, furanni duk sun tsage. Katakon waje ne, mai tsada.

Oga ya zare haƙorin ya duba.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Oga. Ya dakushe."

"Ka gaya wa kwamfuta?"

"Ai gyara na yi. Ni ɗan masassaƙa ne."

"Aboki, ban ɗauke ka don ka iya ba. Ɗaukar katako na ɗauke ka."

Na roƙe shi ya ba ni kwana uku in gyara da hannu. Ya ce a kwana uku injin zai yi ƙofa shida, ya kore ni. Wannan maganar ta fi korar yi mini ciwo, domin gaskiya ce.

A bayan motar shanu na dawo. Baba yana zaune cikin akusan da ba mai saye, na kwashe labari na gaya masa, ina sa ran faɗa.

"Da ni ne ma, da na wasa shi," ya ce.

Daga wannan shekarar bai sake koya wa kowa sassaƙa ba.