Hoton Mahaifar Nasiha

A tashar Birnin Kudu, motar Gwaram na jiran cikon mutum biyu. Nasiha ta ƙura wa hoton asibiti ido, har tsohuwar da ke gefenta ta leƙo.

"'Yata, ciki ne?"

"A'a, Inna. Likita ta ce mahaifata ta kwanta baya. Wai ba ciwo ba ne, amma shekarata biyu da aure shiru. Na rasa abin da zan faɗa wa maigidana."

"Ki ce masa halitta ce. Shekara talatin ina karɓar haihuwa a Kwandiko, ban taɓa ganin mata biyu iri ɗaya ba. Kamar duma ne a gona, wani dogo, wani zagayayye, wani wuyansa a karkace. Na san wadda aka faɗa wa haka, yanzu 'ya'yanta shida."

Nasiha ta lumshe ido, tana hango kanta da goyo.

"Ke nawa kika haifa, Inna?"

Tsohuwar ta miƙo hannu.

"Ko ɗaya. Ni ba wanda ya taɓa nuna mini tawa mahaifar. Miƙo taki in gani, 'yata."