Bammin Asabar

A tashar jirgin ƙasa ta Ibadan, wani tsoho yana zaune rungume da ƙaramar jarka, kumfa na tsartowa ta murfin. Dattijuwar da ke gefensa, cikin fararen kayan coci, ta harare shi.

"Baba, da girmanka, giya da sassafe?"

"Giya kuma, Mama? Bammin safe ne, ko kaza ta sha ba za ta yi layi ba. Likita ya raba ni da kwalba, ya bar mini wannan. Duk Asabar nake zuwa daga Legas in ɗauka, mu sha da abokina Oyewole. Ciwon ƙafa ya hana shi fita."

"Bammi ya ƙare a Legas ne?"

"Na can kwananne ne, ya yi ƙarfi. A mota kuma cunkoso ke tsofar da shi. Jirgi kaɗai ke kai shi da ƙuruciyarsa."

"Allah ya shirye ku. Ni ko warinsa ba na so." Ta kalli jarkar. "Wa ya ɗaure maka murfi tam haka? Sassauta, kar ta fashe. Kumfar nan ma ta yi yawa. Ɗan zubo mini in ji."

Ta kurɓa, ta tanɗe baki.

"An cuce ka. An surka da na jiya."

"Mama, ke da ba kya son warinsa?"

"Warin marar kyau nake nufi. Asabar mai zuwa ka sauka Abeokuta, ka nemi Aduke a bayan cocinmu. Nata ba surki."

"Wace ce Aduke?"

"Wadda ta ɗanɗana maka yanzu."