Shinkafar Madam Haruko

Keken ɗinkina da awakina na sayar na cika kuɗin jirgi. Ke Ummi, ajiye wayar nan, ba ke ce kullum sai Amurka ba?

A Buronis na sauka, Bronx wai, bakina ne ya ƙi. Mai ɗakin da na kama haya 'yar Gana ce. Kullum sai ta ce, "Hadiza, daddawarki ta cika mini gida!" In ce, "Kifinki banda fa, turare ne?"

Aikin kula da tsofaffi na samu. Aka tura ni wurin wata tsohuwa 'yar asalin Japan, Madam Haruko, ta haura tamanin. Sati guda ina kiranta Haruna, ba ta gyara mini ba. Ita ta ba ni labarin yadda, lokacin yaƙin duniya, tana yarinya, aka kwashe su zuwa wani sansani cikin hamadar Amurka, aka zagaye da waya, don asalinsu kawai. Ta ce, "Ko a can, uwata ba ta fasa ajiye wa magabata shinkafa ba."

Ita ma tana da ɗan akwatin katako a falo, da hotunan iyayenta da mijinta. Kowace safiya takan ajiye shinkafa a ɗan kwano, ta kunna turare. Da ƙafa ta gaza, sai ta ce, "Hadiza, kai musu."

Na ce, "Madam, yi haƙuri, addinina bai ba ni wannan ba."

Ta juya fuska bango. Kwana biyu ko loma ba ta yi ba. Ɗanta ya bugo waya: "In ba za ki iya ba, a canza ki."

Na ce, "Ba ni lokaci zuwa gobe."

Da safe na dafa shinkafa, na ɗauko zani na goya ta, ba ta fi nauyin Ummi ba. Na durƙusa gaban akwatin, ta miƙa hannu ta kan kafaɗata ta ajiye kwanon da kanta. Sai na ji tana dariya a bayana, ta ce haka uwarta take goyo. Ranar ta ci abinci har da ƙari. Shekara uku muna haka.

Da ta rasu na kasa shiga wani gidan, na haɗa kayana. Bene dai ban gina ba, kuna gani. Amma da na iso na zaunar da Inna, na ce ta faɗa mini sunayen kakanninmu. Bakwai ta kawo, na rubuta. Wata biyu bayan nan ta cika.

To, ku nawa kuka sani? Miƙo mini jakar can in karanta muku.