Ƙararrawar Coci da Lasifikar Ladan

A tashar Sabuwa, wata tsohuwa na jiran mota ta cika, ga ƙarfen tayar mota a gabanta. Wani dattijo mai carbi ya zauna gefe.

"Baiwar Allah, mota kika saya aka fara ba ki ƙafa ɗaya?"

"Ƙararrawar cocinmu ce, Malam. Ɓarayin daji sun ƙone ginin bara. Lahadin nan zan rataye ta a ɗorawa in buga."

"Ki buga? Ai har cikin daji za su ji!"

"'Ya'yana ma haka suka ce. To, waɗanda suka gudu ma za su ji, su san da sauran mutane a garin."

"Wallahi ganganci ne. Ni da nake ladan, shekara biyu lasifikata na cikin rumbu. Ƙasa-ƙasa nake kiran salla, kamar mai gulma."

"Ana fitowa?"

"Mutum huɗu." Ya ja carbi. "Da mun fi sittin."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya miƙe.

"Direba, riƙe mini wurina. Ina ake sayar da batir a kasuwar nan?"