Usur ɗin Baba Illa

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rabi daga Malbaza, ɗiyar marigayi Baba Illa.

Tun da mahaifina ya bar soja, kowace safiya yakan tsaya bakin kwalta da usur, ya tsai da motocin siminti har 'yan makaranta su ƙetare. Ba wanda ya sa shi. Ko ranar ɗaurin aurena sai da ya ƙetarar da su kafin ya tafi masallaci.

Da azumi Allah ya yi masa rasuwa. Kowa ya yabe shi, amma ba wanda ya tsaya wurinsa.

Shekaranjiya, a gabana, ɗiyar maƙwabciyata ta shiga titi, ga mota tafe cike da kaya. Na kurma ihu, direba ya taka birki, motar ba ta tsaya ba sai da ta taɓa jakarta. Yarinya ta tsira. Samarin fada kuwa suna zaune da shayinsu, wai "Allah ya kiyaye."

Jama'ar Malbaza, yabo ya isa haka. Usur ɗin Baba na rataye a zaurenmu. Wa zai zo ya ɗauka kafin mu yi wata jana'iza?