Jifa Talatin da Huɗu

A tashar motar birnin Toledo, Cornelius Pruitt na zaune yana jiran mota, sai wani mutum a gefensa ya miƙo masa waya.

"Dattijo, kana kallon ƙwallon Amurka? Dubi sabon mai jifan ƙwallon da ƙungiyarmu ta ɗauko. Jifa talatin da huɗu, sha uku kaɗai aka cafke. Wannan hannu ne ko ludayi?"

"Shida sun isa hannun 'yan wasansa, su suka zubar," in ji Cornelius.

"To, sha tara. Har yanzu shirme ne."

"Kafaɗarsa ce ke ciwo. Ko riga da ƙyar yake sawa."

Mutumin ya juyo. "Wace jarida ta faɗi haka?"

"Jikana ne. Ya roƙe ni kada kociya ya ji."

"Ayya, Baba, ban sani ba. Ai zai gyara a wasan ran Lahadi."

"Ba zai gyara ba. Wajensa za ni. In ya faɗa wa kociya, su ajiye shi su ɗauko wani. In ya yi shiru, hannun ya lalace. Kai da ka iya lissafi, me zan ce masa?"

Mutumin ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Da motar ta iso, sai da kowa ya shiga kafin Cornelius ya iya tashi.