Kofin Anti

Ranar Talata matata ta rasu, bayan shekara ashirin tana aiki a gidan renon yara. Tun daga nan ni nake zuwa kanti da kaina. Jiya a layin biya na ji wata mata da wani mutum suna hira, ba su san juna ba, kowa riƙe da kofi iri ɗaya, mafi araha a kantin.

"Malam, kai ma mai reno za ka kai wa kyauta?"

"Ƙwarai, Hajiya. An rubuta 'mun gode' a jiki, an hutar da bakina."

"Ni tsorona kar ta raina, ta huce a kan ɗana. Bai iya magana ba, wa zai faɗa min?"

"Ki haɗa mata da zanen da ya yi. Kyauta ne, kuma har hawaye suke yi."

"Ai ita ta riƙe masa hannu ya zana."

"To, ki sa kati, ki rubuta sunanta."

Matar ta dubi kofin. "Anti dai muke cewa."

"Tamu ma Anti ce, shekara uku ke nan. A hannunta 'yata ta fara tafiya. Ta ɓoye min, na yi ta alfahari ni na fara gani."

"Shi ne ka saya mata kofi?"

"Naki na zinariya ne?"

Irin kofunan nan, da iyayen yara suka ba matata, sun cika mana kabad. Ni mai karatu, da nake kiran aikinta wasa da yara, ko kofin ban saya ba. Shekara ashirin tana dawowa da ciwon baya, ban taɓa ce mata sannu da aiki ba.